Injin wanki mai ƙofar gaba ko mai murfin sama: yadda za ku zaɓa, ku saya, ku kafa

Magidanta da matan aure, har da iyayen da ke haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suna yawan tambayar wanne ya fi tsakanin injin wanki mai ƙofar gaba da mai murfin sama. Tambayar ba ta amsuwa sai an san gidan da za a kai injin, wato yadda ruwa yake shiga gidan, da yadda wuta take zuwa, da irin tufafin da ake tarawa, da wurin da za a ajiye shi. Shi ya sa aka jera matakan nan bisa yadda ya kamata a bi su, kuma zuwa shago yana can kusa da ƙarshe.

Kafin a fara, a san cewa injinan iri uku ne a kasuwanninmu. Mai ƙofar gaba gangarsa a kwance take, tana ɗaga kaya tana sako su cikin ruwa kaɗan. Mai murfin sama mai sarrafa kansa gangarsa a tsaye take, yana cika ta da ruwa, faifan da ke ƙasanta yana juya kayan. Na ukun shi ne mai baho biyu, wanda shi ma ta sama ake zuba masa kaya, sai dai baho ɗaya na wanki ne ɗaya na matsa, kuma mutum ne zai riƙa zuba ruwa yana sauya wa kaya wuri da hannunsa.

1. Ku fara da ruwan gidan

Abu biyu za ku auna a nan: yawan ruwan da kuke iya samu, da kuma ƙarfin da yake fitowa da shi daga famfo.

Game da yawa, mai ƙofar gaba na kilo 7 ko 8 yakan sha lita 45 zuwa 60 a wanki ɗaya, tun daga sabulu har ɗauraya ta ƙarshe. Mai murfin sama mai sarrafa kansa mai wannan girman yakan sha lita 100 zuwa 150, domin sai ya nutsar da kayan gaba ɗaya a kowane zagaye. Idan aka auna da jarka mai lita 25, na farkon yana cin kusan jarka biyu zuwa biyu da ɗoriya, na biyun kuwa jarka huɗu zuwa shida. Gidan da ke da rijiyar burtsatse tasa ba zai ji wannan bambanci sosai ba, amma gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa zai ji shi a aljihu tun a watan farko. Mai baho biyu yana da wata dama ta daban, domin ana iya wanke fararen kaya a ruwan sabulu ɗaya, a cire su, a zuba masu launi a cikin ruwan nan kafin a zubar da shi.

Game da ƙarfi kuwa, a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Duk injin da ke sarrafa kansa yana ɗibar ruwa ne ta wata ƙaramar mashiga wadda ba ta buɗewa sosai sai ruwa ya zo da ƙarfi. Mafi yawan masu ƙofar gaba suna buƙatar aƙalla ƙarfin da yake daidai da tankin da ke mita 5 sama da injin, wasu ma sai mita 10, kuma ana rubuta wannan a littafin da ke zuwa da injin. Saboda haka ku ɗauki tef ɗin awo ku auna tsayin da ke tsakanin gindin tankinku da wurin da famfon injin zai kasance. Idan tankin yana kan ɗan gajeren gini ne, ko kuma injin zai zauna a bene dab da tankin, to ruwan zai riƙa shiga a hankali har injin ya gaji da jira ya tsaya ya nuna alamar matsala, IE a injinan LG, 4E ko 4C a na Samsung. Maganinsa shi ne a sa ƙaramin famfo mai ƙara wa ruwa ƙarfi a kan bututun da ke zuwa wurin injin, kuma kuɗinsa da na mai aikin famfo su shiga cikin lissafinku tun yanzu.

Gargaɗi: gidan da ba shi da tanki a sama kuma famfonsa ba ya kawo ruwa a kai a kai, wato da bokiti ake ɗiba daga randa ko duro, bai kamata ya sayi mai ƙofar gaba ba, domin ba a zuba masa ruwa da bokiti. Mai baho biyu ne ya dace da irin wannan gida.

Ku kuma duba ruwan da kansa. Idan yana barin yashi a gindin bokiti, a sa matacin ruwa kafin injin. Idan ruwan zartsi ne mai barin farin ɓawo a cikin butar shayi, to haka zai yi a jikin hitar mai ƙofar gaba, kuma za a buƙaci wanke injin da maganin cire wannan ɓawo lokaci zuwa lokaci.

2. Ku duba wutar da kuke da ita

Motar da ke juya ganga ba ta da cin wuta sosai a kowane iri, domin tsakanin wat 300 zuwa 500 take aiki a injinan gida. Bambancin yana wajen hita. Kusan kowane mai ƙofar gaba yana da hita a cikinsa mai jan wat 1,800 zuwa 2,200 lokacin da take ɗumama ruwa, alhali yawancin masu murfin sama da ake sayarwa a Najeriya da Nijar ba su da ita sam.

Kuɗin mita ba shi ne abin damuwa game da hita ba. Ɗumama lita 15 na ruwa daga zafin digiri 25 zuwa 60 yana cin kusan kashi shida cikin goma na yunit ɗaya, kuma ko a farashin rukunin Band A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada a Najeriya, wanda ya kai kusan naira 209 kan kowane yunit a watan Yulin 2024, wannan bai wuce naira 130 ba. Abin damuwar shi ne ƙarfin da take ja a lokaci guda. Ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauke ta ba, haka ma inbatar sola mai kVA 1 ko 1.5. Wanda yake son wanki da ruwan zafi a kan janareta ko sola yana buƙatar abin da ya kai kVA 3 zuwa sama, kuma ya kashe dutsen guga da injin jawo ruwa a lokacin. Idan aka zaɓi wankin ruwan sanyi, hitar ba ta kunnuwa, sai mai ƙofar gaba ya koma cin wuta kamar ɗan'uwansa ko ma ƙasa da shi. A yankunanmu ruwan sanyi ya ishi mafi yawan wanki, balle ma a lokacin bazara da ruwan baƙin tanki yake saukowa da ɗumi tun da hantsi. Masu sola su riƙa wanki da tsakar rana, lokacin da faranti suke ba da wuta sosai, domin kada a sauke nauyin a kan batir.

Abu na biyu shi ne tsawon lokacin da wuta take tsayawa. Cikakken wankin auduga a mai ƙofar gaba yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa uku, duk da akwai gajerun tsare-tsare na minti 15 zuwa 30 don kayan da ba su yi datti sosai ba. Mai murfin sama yana gamawa cikin minti 40 zuwa awa ɗaya, mai baho biyu kuma ana iya tsayar da shi a kowane lokaci. Idan unguwarku ta saba da wutar awa ɗaya a ɗauke, wannan bambanci babba ne. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wanki, mai murfin sama za a ɗaga murfinsa a kwashe kayan a ƙarasa da hannu, shi kuwa mai ƙofar gaba ƙofarsa a kulle take, kuma ko ta buɗe bayan 'yan mintuna akwai ruwa a ciki.

Gargaɗi: kada a taɓa fincike ƙofar da ƙarfi idan wuta ta ɗauke, domin mariƙin ko makullin zai karye. A ƙasan injin ta gaba akwai ɗan murfi, a bayansa kuma akwai matacin famfo, a yawancin injina har da ɗan siririn tiyo na zubar da ruwa. Ta nan ake tsiyaye ruwan a faranti mai faɗi, sannan a jira makullin ya saki.

Na uku shi ne hawa da saukar wuta. Injinan da ke sarrafa kansu, na gaba da na sama, suna da allon lantarki wanda shi ne ƙwaƙwalwarsu, kuma wuta mai ƙarfi da ta dawo ba zato takan ƙona shi. Allon yana cikin sassa mafi tsada. Don haka a haɗa injin da na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna bayan ta dawo, kuma in wutar unguwa mai rauni ce a ƙara da sitabilaiza, mai VA 5,000 ga injin da ke da hita, mai VA 2,000 ga wanda ba shi da ita. Mai baho biyu da maɓallan murɗawa yake aiki, ba shi da wannan allo, shi ya sa ya fi jure wutar da ba ta da tabbas.

3. Ku dubi tulin wankinku

Mai ƙofar gaba ya fi fitar da datti, ya kuma fi tausaya wa yadi, domin faɗowa kayan suke yi kan juna ba murɗe su ake yi ba. Kayan makaranta da wuyan riga mai maiƙo da farin yadi sun fi fita a cikinsa, musamman da ruwa mai ɗumin digiri 40. Haka kuma ya fi matsa, domin gangarsa tana juyawa sau 1,000 zuwa 1,400 a minti ɗaya, alhali mai murfin sama mai sarrafa kansa yakan tsaya a 600 zuwa 800. Da hunturu wannan ba shi da wani tasiri, tun da shanya tana bushewa cikin awa ɗaya ko biyu, amma a watan Agusta da ake kwana biyu ba a ga rana ba, kayan da aka matse sosai su ne ba sa yin warin danshi.

Mai murfin sama yana da halin cukurkuɗe dogayen kaya. Zani da mayafi da hijabi da rawani da hannun dogayen riguna sukan naɗe juna su zama dunƙule ɗaya, wanda ke jawo yamutsewa da wahalar guga, wani lokaci har zare ya zame. Ana rage wannan ta hanyar sa su a jakar raga ta wanki, da kuma rage yawan kayan da ake zubawa. Amma yana da nasa fifikon a wurin kayan da suka sha ƙasa da yashi, irin na manoma da magina da yara masu wasan ƙasa, domin yawan ruwansa yana kwashe yashin, kuma ana iya jiƙa kaya a cikinsa a bar su su kwana. Ana kuma iya ɗaga murfi a jefa abin da aka manta a tsakiyar wanki.

Gargaɗi: akwai kayan da ba su dace da kowane inji ba. Hula mai aikin hannu, da leshi mai duwatsu, da babbar riga mai aiki mai nauyi, a bar su ga wankin hannu. Shadda kuwa, in dole ne sai an sa ta, a juya ta ciki ya koma waje, a zaɓi tsarin kaya masu laushi da ruwan sanyi, a rage matsa zuwa 400 ko 600, domin zafi da matsa mai ƙarfi suna kashe ƙyallinta. Sabuwar atamfa da rinannen yadi a gwada su a bokiti tukuna a ga ko suna zuba.

Masu ƙananan yara su kula da wani abu. Kayan da najasa ta taɓa a fara wanke najasar a ƙarƙashin famfo har ta gushe kafin a sa su a inji, kowane iri ne, domin inji yana juya ruwa ɗaya ne a kan dukkan abin da ke cikinsa. A mai ƙofar gaba, da yake ruwansa kaɗan ne, akwai maɓallin ƙarin ɗauraya ga wanda yake son ƙarin natsuwa.

4. Ku tsayar da girma

Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne. Ku tara wankin da kuka saba yi a rana ɗaya ku ɗora a sikeli. A bisa kiyasi, kilo 6 zuwa 7 ya ishi gida mai mutum biyu zuwa huɗu, kilo 8 zuwa 9 ya ishi mai biyar ko shida, gidan da ya wuce haka ko mai wanke barguna da labule ya nemi kilo 10 zuwa sama. Gara inji ya ɗan yi muku yawa da ya yi kaɗan, domin cusa kaya fiye da ƙima shi ne abin da ya fi saurin kashe boris da bel.

Akwai mai ƙofar gaba da ke haɗe da busarwa. Yana da tsada, yana cin wuta sosai, kuma abin da yake iya busarwa bai kai abin da yake wankewa ba, misali ya wanke kilo 8 ya busar da 5. Ga gidan da ke da tsakar gida da igiyar shanya, a ganina kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

5. Ku auna wurin ajiya

Mai ƙofar gaba yawanci faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa 85, zurfinsa 45 zuwa 65, kuma yana buƙatar fili a gabansa don buɗe ƙofa da durƙusawa. Yana shiga ƙarƙashin kanta, ana kuma iya ɗora kaya marasa nauyi a kansa. Mai murfin sama yana buƙatar fili ta sama kusan rabin mita don murfinsa ya tashi, mai baho biyu kuma ya fi su faɗi. Ku auna ƙofofin da za a bi da injin, ba wurin zamansa kawai ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai ƙofar gaba yana kai kilo 60 zuwa 75 saboda dunƙulen siminti da aka ɗaura wa gangarsa don rage girgiza, saboda haka ba abin da za a riƙa ja ana fitarwa tsakar gida ranar wanki ba ne, kuma yana son daɓen siminti ko tayil mai ƙarfi wanda ba shi da gangara. Masu haya da ke yawan tashi su yi la'akari da wannan. Ga tsofaffi da masu ciwon baya ko gwiwa, durƙuso gaban mai ƙofar gaba yana da wahala, sai dai in an gina masa dakalin siminti mai ɗan baki a gefe don kada ya zame. Gajeren mutum kuma yakan sha wahalar kai hannu gindin babban mai murfin sama.

Gargaɗi: kada a ajiye inji a inda rana ko ruwan sama suke dukansa, domin rana tana busar da roba ta farfashe, kuma kada a sa shi a banɗakin da ake wanka ruwa yana fantsama, saboda tsatsa da haɗarin jan wuta. Baranda mai rufi kusa da magudana ta fi dacewa.

6. Ku yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Farashi yana bin dala, don haka a tambayi shaguna uku a mako ɗaya a kwatanta. Tsarin dai ba ya sauyawa: mai baho biyu ne mafi araha, mai murfin sama mai sarrafa kansa yana tsakiya, mai ƙofar gaba ya fi tsada, sau da yawa har ya ninka na tsakiyan ko ya kusa. A kan kuɗin injin a ƙara na ɗauko, da na mai aikin famfo, da na mai gyaran wuta, da na'urar kariya ko sitabilaiza, da famfon ƙarin ƙarfi in ana buƙatarsa.

Sai a lissafa ruwa. A ɗauka bambancin da ke tsakanin injinan biyu jarka uku ne a kowane wanki, kuma gida yana wanki sau huɗu a mako. Jarka 12 ke nan a mako, 624 a shekara. Idan jarka naira 100 ce a unguwarku, mai ƙofar gaba ya rage muku naira 62,400 a shekara. Ku sa farashin unguwarku a madadin wannan ku ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya biya bambancin kuɗin saye. Ga mai rijiyar burtsatse, abin da zai lissafa shi ne wuta ko man da ake ƙonawa wajen cika tanki.

Gyara kuma ya karkata ga mai murfin sama. Bel da ma'aunin lokaci da motar mai baho biyu ana samunsu cikin sauƙi, kuma mai gyaran fanka ma yakan iya da su. A mai ƙofar gaba, robar bakin ƙofa da makulli da famfon zubar da ruwa suna da dama-dama, amma boris ɗin ganga aiki ne babba, kuma a wasu injinan bahon da gangar take ciki a manne yake, sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Kafin ku tsayar da kamfani, ku tambayi mai gyara a garinku wane iri ne yake samun kayansa ba tare da an aika Legas ba.

7. Ku yanke shawara

Idan kuna da tanki mai tsayi, da wutar da take tsayawa awanni a jere ko sola mai ƙarfi, kuma ruwa yana muku tsada ko kuna da tufafi masu daraja, mai ƙofar gaba ya cancanci kuɗinsa, kuma shi zan zaɓa wa irin wannan gida ba tare da jinkiri ba. Idan ruwa wadatacce ne amma wuta ba ta daɗewa, ko kuma kuna son wanki mai sauri da gyara mai sauƙi, mai murfin sama mai sarrafa kansa ya fi muku. Idan ruwan na bokiti ne, wutar kuma ta ƙaramin janareta, to mai baho biyu ne, kuma kada arharsa ta sa a raina shi, domin shi kaɗai ne zai yi aiki a wannan hali. Iyayen da ke saya wa amarya su fara tambayar yanayin ruwa da wutar gidan da za a kai ta, domin injin da aka saya don kyan gani a ɗaki yakan shekara a kwalinsa.

8. A shago

Ku duba takardar da ke manne a bayan injin ku tabbatar an rubuta bolt 220 zuwa 240 da 50Hz. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sayen na hannu, domin injinan da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma na 100, kuma suna ƙonewa idan aka jona su kai tsaye. In na hannu ne, ku juya gangar da hannu ku saurara, domin ƙara mai kama da niƙa alamar boris ya ci ne, sannan ku ɗaga gangar sama da ƙasa ku ga ko tana lilo, kuma kada ku biya sai an zuba ruwa an gwada shi har matsa.

In sabo ne, kamfanoni irin su LG da Samsung da Hisense da Haier Thermocool da Scanfrost da Midea duk suna da kaya a kasuwa, abin da ya rage shi ne a saya a hannun dilan da zai ba da rasit da katin garanti mai hatimi da lambar injin. Ku buɗe kwalin a gabansa ku ƙirga tiyon shigar ruwa da na fita da littafi. Ku tambaya ko injin yana ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta dawo.

Gargaɗi: garantin shekara 10 da ake mannawa a gaban wasu injina na motar ne kawai. Sauran injin, har da allon lantarki, yawanci shekara ɗaya ne ko biyu, kuma ɓarnar da wuta ta yi ba kasafai take shiga ciki ba.

9. Kafawa

A ɗauko injin a tsaye. Bayan an cire kwali da soson da ke ƙarƙashinsa, aikin farko a mai ƙofar gaba shi ne kwance ƙusoshi uku ko huɗu da ke bayansa, waɗanda aka ɗaure gangar da su saboda tafiya. A kwance su da sifana, a toshe ramukan da murafan roba da ke cikin leda, a adana ƙusoshin don ranar tashi.

Gargaɗi: kunna inji ba a cire waɗannan ƙusoshi ba shi ne kuskuren da ya fi yawa. Injin zai riƙa tsalle yana tafiya a lokacin matsa, yana iya fasa bahonsa, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan.

A mai murfin sama babu ƙusoshi, amma yawanci akwai wani faifan roba da ake ɗaurawa a ƙarƙashinsa don hana ɓera shiga ya ci waya. Mutane da yawa suna yar da shi tare da kwali, alhali ɗaura shi bai wuce aikin minti biyar ba.

Daga nan a daidaita ƙafafu. A ɗora ma'aunin lebur na magina a kan injin, a murɗa ƙafafun har ya daidaita ta kowane gefe, a danna kusurwoyinsa a ga ba ya rawa, sannan a ɗaure notin kowace ƙafa. Kada a cusa kwali ko katako a ƙarƙashi. A haɗa tiyon ruwa da famfo mai makulli na kansa, a tabbatar robar cikin bakinsa tana nan, a ɗaure da hannu.

Tiyon zubar da ruwa ya bambanta, kuma a nan ma ana yawan kuskure. Mai ƙofar gaba yana da famfon tura ruwa, don haka dole bakin tiyonsa ya hau tsayin santimita 60 zuwa 100 kafin ya sauka magudana, in ba haka ba ruwa zai riƙa zurarewa yana shiga yana fita. Mai baho biyu da yawancin masu murfin sama ba su da wannan famfo, ruwan gangarowa yake yi da kansa, saboda haka tiyonsu a kwance zai kasance a ƙasa ba tare da lanƙwasa ba.

A ƙarshe a ba injin soket nasa mai amfiya 13 a bango, mai wayar ƙasa da aka tabbatar tana aiki, a wurin da ruwa ba ya kaiwa. Kada a jona shi a doguwar waya mai baki da yawa, musamman mai hita, domin wayar tana zafi har ta narke. Idan aka taɓa jikin injin aka ji yana ja, a kashe shi a kira mai gyaran wuta kafin a sake amfani da shi.

10. Wankin farko da sabulu

A fara kunna injin babu kaya, da sabulu kaɗan, don ya wanke cikinsa, a kuma tsaya a duba ko wani wuri yana yoyo. Bayan haka a ware farare da masu launi, a lalube aljihu a cire tsabar kuɗi da ƙusa da allurar mayafi da asuwaki, a ja zik. A zuba kaya ba tare da dannawa ba, a bar filin da tafin hannu zai shiga a tsaye tsakanin kayan da saman ganga.

Mai ƙofar gaba yana buƙatar garin sabulu ko na ruwa wanda aka rubuta cewa na inji ne, mai ƙarancin kumfa. Omon wankin hannu yana cika gangar da kumfa, kayan su daina faɗowa da ƙarfi, wankin ya ƙi fita, kumfar kuma ta fito ta aljihun sabulu. A aljihun nan, gidan da ke da alamar II na babban wanki ne, mai alamar I na jiƙo ne, mai alamar fure kuma na ruwan ƙamshi mai tausasa yadi. Mai murfin sama yana karɓar omo na yau da kullum, amma shi ma a narkar da shi a ruwa tukuna don kada ya bar fari a baƙaƙen kaya. A bi ma'aunin da ke jikin leda, domin yawan sabulu ba ya ƙara fita.

Gargaɗi: kada a bar mai murfin sama ko mai baho biyu cike da ruwa a inda ƙaramin yaro zai iya hawa kujera ya leƙa, kuma kada kowa ya sa hannu a bahon matsa sai ya tsaya cak. A mai ƙofar gaba a kunna makullin yara, a kuma leƙa cikin ganga kafin a rufe ƙofa.

11. Kula da inji

Bayan kowane wanki, mai ƙofar gaba yana buƙatar a goge cikin lanƙwasar robar bakinsa da tsumma, a bar ƙofa da aljihun sabulu a ɗan buɗe don su sha iska, in ba haka ba baƙar fumfuna za ta kama robar, warinta kuma ya koma cikin tufafi. Duk wata a kunna shi babu kaya a tsarin wanke ganga ko a digiri 60 zuwa 90, a kuma kwance matacin famfon da ke ƙasa a fitar da zare da tsabar kuɗi, bayan an shimfiɗa tsumma saboda ruwan da zai zubo. Idan aka ga OE a LG, ko 5E ko 5C a Samsung, wannan mataci ne abin dubawa na farko kafin a kira mai gyara.

A mai murfin sama, ragar da ke tara zare a jikin ganga ita ake cirewa a wanke bayan kowane wanki. A duka biyun, duk wata uku a rufe famfo, a kwance tiyon shigar ruwa, a zaro 'yar ragar da ke bakin injin a goge ta da tsohon buroshi, domin yashin burtsatse a nan yake taruwa. Da hunturu a lulluɓe injin da yadi saboda ƙura, bayan cikinsa ya bushe, kuma duk ranar da aka gama wanki a rufe famfonsa a zare filoginsa daga bango.